Matasa da damuwar jinsi: abin da ya sa Ingila ta rufe sashen Tavistock

A ƙarshen watan Maris na 2024, hukumar lafiya ta Ingila, wato NHS, ta rufe wani sashen asibiti a birnin Landan bayan ya shafe shekara 35 yana aiki. Sashen yana ƙarƙashin cibiyar Tavistock ne, kuma shi ke duba yara 'yan ƙasa da shekara 18 masu fama da abin da likitoci ke kira damuwar jinsi. Da yake irin wannan labari gutsure-gutsure yake isowa ta wayar hannu, mun ga ya dace mu warware wa masu karatu zare da abawa.

Da farko, mece ce damuwar jinsi? Ba ita ce larurar mata-maza ba, wadda ta shafi halittar jiki tun daga haihuwa. A nan jikin yaro lafiya lau yake, amma zuciyarsa ta ƙi natsuwa da jinsin da aka haife shi da shi, har abin ya hana shi barci da karatu da shiga mutane. Sau da yawa ƙuncin kan tsananta ne lokacin balaga. Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta cire wannan yanayi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. Sai dai fa ƙuncin da ke tare da shi na gaske ne, kuma nan ne gizo ke saƙa.

An buɗe sashen a 1989 da yara 'yan ƙalilan. A shekarar 2011 zuwa 2012 waɗanda aka tura can ba su kai 250 ba, amma a 2021 zuwa 2022 sun haura 5,000. A da maza sun fi yawa, daga baya kuwa sai 'yan mata masu tasowa suka rinjaya. Layi ya yi tsawo, yaro kan jira shekaru kafin ya ga likita. A watan Janairun 2021 hukumar da ke sa ido kan asibitocin ƙasar ta ce aikin sashen bai gamsar ba.

Wasu daga cikin yaran akan yi musu allurar dakatar da balaga. Likitocin Amstadam a ƙasar Holan ne suka fara wannan hanya a shekarun 1990, da nufin yaro ya samu lokacin tunani. Amma su Holan sun tace yaran da suka ɗauka, sai waɗanda damuwar ta daɗe tare da su kuma hankalinsu ke kwance. Bincikensu na 2011 ya shafi matasa 70 ne kacal.

A 2020 NHS ta ɗora wa Dakta Hilary Cass, tsohuwar shugabar ƙungiyar likitocin yara ta Birtaniya, nauyin bin diddigin lamarin. Ta miƙa rahotonta na ƙarshe a watan Afrilun 2024 da shawarwari 32, bayan masana a Jami'ar York sun tantance binciken da aka yi a duniya. Abin da ta gano shi ne hujjar da ke nuna allurar na gyara lafiyar ƙwaƙwalwar yaran mai rauni ce. Ta kuma lura cewa da yawa cikinsu na ɗauke da wasu matsalolin: ciwon damuwa mai tsanani, fargaba, ƙin cin abinci, larurar otizim mai wahalar da yaro wajen cuɗanya, da tabon wahalar da suka sha a ƙuruciya. Amma da zarar yaro ya ambaci jinsi, sai likitocin unguwa su tura shi layin Tavistock, sauran ciwon ya zauna babu mai duba shi. An kama reshe, an bar tushe.

Batun da ya fi tayar da hankalin iyaye shi ne kashe kai. An yi ta yaɗa cewa hana allurar ya sa yara da yawa sun hallaka kansu. A watan Yulin 2024 Farfesa Louis Appleby, mai ba gwamnati shawara kan wannan fanni, ya duba alƙaluman ya ce ba su nuna haka ba, ya kuma ja kunne cewa yayata irin wannan magana na iya jefa yara masu rauni cikin haɗari. Wani bincike a Finlan da aka wallafa a 2024, kan matasa fiye da 2,000, ya nuna cewa haɗarin ya fi alaƙa da ciwon ƙwaƙwalwar da ke tare da su. Ke nan haɗarin yana nan, kuma sai an kula da ciwon.

Har yau kan likitoci bai haɗu ba. Finlan a 2020 da Suwidin a 2022 sun taƙaita allurar, Birtaniya kuma ta hana sayar da ita ga yara don wannan dalili a 2024. A Amurka ƙungiyar likitocin yara ta goyi bayan wannan magani tun 2018, amma a watan Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar jihar Tennessee da ta hana shi. Wasu likitoci da iyaye sun soki rahoton Cass, suna cewa ya toshe hanyar da ta taimaki wasu yara. Abin da kowane ɓangare ya yarda da shi guda ne: tsangwama da dariya da kora daga gida suna ƙara wa yaro ciwo. Sababbin cibiyoyin da aka buɗe a Landan da arewa maso yammacin Ingila an ɗora musu duba yaro gaba ɗayansa, da gidansu da makarantarsa.

To, mu ina ruwanmu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 a duniya na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma wannan lissafi bai tsallake kowace ƙasa ba. Ɗan kasuwa kan fita da asuba ya dawo bayan isha'i, wani ma ya yi mako a hanya. Idan yaro ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa abokai, ko ya fara cewa gara ya mutu, kada a ce iskanci ne. A zauna da shi, a saurare shi ko da abin da zai faɗa ya yi nauyi a kunne, a rufa masa asiri, sannan a kai shi ga ma'aikacin lafiya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kware da Kaduna da Maiduguri, akwai kuma sashe a babban asibitin ƙasa na Yamai. Haja in ta lalace a sake saro wata, ɗa kuwa ba shi da madadi.