Ranar Da Na Zama Kwamfuta A Gaban 'Yan Aji Huɗu

'Yan'uwana mata, har gobe ban manta kukan da ƙanwata ta yi a 2015 ba, shekarar da jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya. Yarinya ga ƙoƙari, amma wallahi ranar ce farkon ɗora hannunta a kan linzamin kwamfuta. Tana ta kokawa da shi, hannu na rawa, lokaci ya ƙare. Tun daga nan na ƙudura a raina ɗalibaina na firamare ba za su ga irin wannan rana ba.

To amma da me? Kwamfuta ɗaya gare ni, ta hannu, wuta kuma sai an ga dama. Sai na fara da abin da kowace 'ya mace ta sani. Na ce, "Yau ni ce kwamfuta, ku koya mini dama kunu." Wata ta ce, "Malama, ki zuba ruwan zafi." Na ɗauki buta na yi kamar zan tsiyaye a ƙasa. Aji ya kaure da ihu, "A kwano, Malama, a kwano!" Na ce ai ba ku faɗa ba. Kin ga karatun ke nan. Kwamfuta ba ta da hankalin kanta, abin da kika gaya mata daki-daki shi take yi, in kika tsallake ɗaya ta kwafsa.

Da suka gane sai na buɗe musu Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 don yara masu shekara 8 zuwa 16. Kyauta ce, in kin sauke ta ba ruwanki da intanet. Umarnin kamar bulo yake, ki jawo wannan ki manna a gindin wancan, sai wata 'yar kyanwa ta bi. Ki ce ta yi taku 100, ta juya digiri 90, ta maimaita sau 4, sai ga ta ta zagayo inda ta tashi.

Abin da ya ƙona mini rai, da an kunna sai maza su yi caa a kai, matan su rakuɓe a baya suna leƙe. Haba! Na ba su labarin Ada Lovelace, 'yar Ingila, wadda tun 1843 ta rubuta wa inji umarni, na kuma kafa doka: mace ɗaya, namiji ɗaya.

Akwai wata 'yar shiru-shiru mai tallar awara, wadda uwarta ke shirin cire ta daga makaranta. Ita ta fara sa kyanwar lissafin canji: awarar 300, an ba da 500, saura nawa? Na ɗauki kwamfutar har gidansu. Uwar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malama, ita da kanta ta yi wannan?" Na ce ƙwarai kuwa, Inna. Ta ce to a bar ta ta ƙarasa zangon nan, tallar ta koma bayan la'asar.