Karfasa: Yadda Za A Gyara Ta A Dafa Ta Don Lafiyar Jiki

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, musamman waɗanda ƙasarsu ke bakin gulbi ko tafki ko madatsar ruwa, don su san abin da za su isar wa dagatai da masu unguwa da sarakunan ruwa. Karfasa abinci ce mai gina jiki, mai sauƙin samu, amma da yawa daga amfaninta ya kan lalace tsakanin bakin ruwa da akushi, ta wajen jinkirin gyara, da yawan mai, da yawan gishiri, da ƙauri, da guba. Dukan waɗannan kuwa ana iya gyara su ba da ƙarin kuɗi ba.

1. Irin kifin da inda a ke samunsa

Karfasa, wadda a wasu wurare a ke kira gargaza, tana da faɗin jiki, da ɓawo, da jerin ƙaya a gadon baya. Ana kama ta a Kwara da Binuwai da gulbin Sakkwato, da fadamun Haɗeja da Nguru, da Tafkin Cadi, da manyan madatsun ruwa kamar Kainji, wadda aka gama a 1968, da Tiga, wadda aka gama a 1974. Ana kuma kiwonta cikin kududdufai.

Abincinta gansakuka ne da ƙananan tsirrai da 'yan halittun ruwa. Irin da aka fi sani, macen ta kan riƙe ƙwayayenta a baki har su ƙyanƙyashe, shi ya sa ta ke yaɗuwa da sauri. Da ya ke ba ta rayuwa bisa cin 'yan'uwanta kifaye, ba ta tara zaiba a jikinta kamar yadda manyan kifaye mafarauta su ke yi. Sabo da haka tana cikin kifayen da su ka dace da mata masu ciki da masu goyo.

2. Abin da ta ke yi wa jiki

A cikin giram 100 na ɗanyen tsokar karfasa akwai wajen giram 20 na sinadarin gina jiki, wanda likitoci ke kira furotin, kitse kuwa bai kai giram 2 ba. Tana kuma da bitamin B12 mai taimakon jini, da ma'adinan da ƙashi ke bukata. Tuwon dawa da na masara suna ba da ƙarfin aiki, amma ba su isa su gina jikin yaro su kaɗai ba. Gidan da ba ya iya sayen nama a kai a kai, karfasa za ta tsaya masa a madadinsa.

Ga wani lissafi da ya kamata kowane malami ya riƙe. Ƙarfin abincin da ke cikin giram 100 na ɗanyen karfasa bai cika kalori 100 ba. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kuwa ya kai wajen kalori 120. Watau wanda ya nutsar da kifi cikin kaskon mai, ya mayar da abinci marar maiƙo ya zama mai maiƙo da hannunsa.

3. Saye da gyara

Kifi ba ya jiran kowa, balle a lokacin bazara. Sabuwar karfasa idonta garau ya ke, bai faɗa ba. Idan aka ɗaga murfin kumatunta, naman da ta ke numfashi da shi ja ne wur. Idan aka danna tsokar da yatsa, ta kan dawo nan da nan, ɓawon kuma yana manne da jiki. Wadda idonta ya dushe, cikinta ya kumbura, ko ta fara ɗoyi, ba ta ciwuwa, kuma babu yajin da zai gyara ta. Yaji ya kan ɓoye wari, amma ba ya kawar da cuta.

Da an kawo ta gida sai a kankare ɓawon, a tsaga cikin, a fid da hanji da naman kumatun. A yi hankali kada a fasa matsarmama, gama ɗacinta ya kan ɓata tsokar. A kankare baƙar fatar da ke shimfiɗe cikin cikin, da jinin da ke kwance jikin ƙashin baya, domin nan ne ƙarni ya fi zama. Sa'an nan a wanke da ruwa mai tsabta irin wanda a ke sha, a cuɗa da lemon tsami, a ɗauraye. Ruwan kududdufi bai dace da wankin kifi ba. Wani lokaci karfasar ruwa marar gudu ta kan yi warin taɓo. Wannan daga gansakukar ruwan ya ke, ba alamar ruɓa ba ne, lemon tsami da citta kuwa suna rage shi.

Wuƙa da faranti da hannun da su ka taɓa ɗanyen kifi, lalle a wanke su da sabulu kafin su taɓa abin da za a ci ba dahuwa, kamar tumatir da albasar kwaɗo. Idan ba za a dafa nan take ba, a sa ta cikin ƙanƙara ko firji. Inda babu, a dafa ta ko a yi bandarta a ranar.

4. Kayan yaji da maganar gishiri

Tsokar karfasa ba ta da ƙarfin ɗanɗano, shi ya sa masu girki da yawa su ke cika mata gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, watau ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da dukan abincin yini, ba tukunya ɗaya ba. Dunƙulen ɗanɗano wajen rabinsa gishiri ne, kanwa ma tana da sinadarin da ke cikin gishiri. Yawan gishiri yana kawo hawan jini, hawan jini kuwa shi ne babban sanadin shanyewar ɓarin jiki, yana kuma lalata zuciya da ƙoda. Sau da yawa mai shi ba ya jin kome sai ranar da ya faɗi.

Maganin wannan yana cikin kowace kasuwar ƙauye. Tsami da ƙamshi da ɗan zafi suna sa harshe ya gamsu da gishiri kaɗan. Ga haɗi uku, kowanne don karfasa biyu matsakaita:

Na ɗaya, don gashi: ɗanyar citta kamar tsawon ɗan yatsa, tafarnuwa ƙwaya 4, attaruhu 1, rabin albasa, ruwan lemon tsami 2, da ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa. A jajjaga su tare.

Na biyu, don farfesu: masoro, kimba 2 da aka fasa aka zubar da 'ya'yan domin ɗaci, kanumfari 3, busasshiyar citta, gyaɗar miya, da ganyen ɗoɗɗoya.

Na uku, don miya: daddawa, albasa, tattasai, tumatir, da ɗan ruwan tsamiya ko ganyen yakuwa. Daddawa mai kyau tana ba miya daɗin da a ke nema wajen dunƙule.

A kowane haɗi, rabin ƙaramin cokalin gishiri ya isa. Idan an sa dunƙule ɗaya, kada a ƙara gishiri. Gishirin kuma ya zama mai aidin, wanda aka wajabta a Nijeriya tun 1993 don rigakafin maƙoƙo. A tsattsaga jikin kifin wuri uku a kowane gefe, a cusa haɗin ciki, a rufe a ajiye a wuri mai sanyi minti 20 zuwa 30. Idan ya daɗe cikin tsami, tsokar ta kan yi laushi ta farfashe a wuta.

5. Hanyoyin dahuwa

Farfesu shi ne kan gaba, gama ba ya bukatar mai, kuma abin da ya fita daga kifin yana cikin romon. A fara tafasa ruwa da albasa da kayan ƙamshi har su haɗu, sa'an nan a jera kifin, a rage wuta, a rufe. Minti 10 zuwa 15 ya isa. Ba a juya shi da ludayi, sai dai a girgiza tukunyar a hankali. A sa ɗoɗɗoya daf da saukewa.

Turarawa ma haka. A shimfiɗa albasa da tattasai da ganyen alayyafo ko zogale cikin madambaci, a ɗora kifin a kai, a rufe minti 15. Wannan ya fi dacewa da tsofaffi da masu jinya.

Wajen gashi, a bari harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi farin toka, kana a ɗora waya nesa da shi kamar faɗin tafin hannu. A shafa wa wayar mai kaɗan don kada fata ta manne. Kowane gefe minti 6 zuwa 8, gwargwadon kaurin kifin. Wurin da ya ƙone ya yi baƙi a kankare shi a yar, domin cikin ƙauri da baƙin hayaƙi akwai sinadarai masu iya kawo ciwon daji idan an daɗe ana ci. Mai son yajin ƙuli-ƙuli ya barbaɗa shi bayan an sauke, gama yana saurin ƙonewa.

A cikin miya, ko ta kuka ko ta kuɓewa ko taushe, kifi shi ne na ƙarshen shiga. A rage kanwa ƙwarai, domin tana kashe wasu bitamin na ganye.

Suya ba haramun ba ce, amma kada ta zama ta kullum. A tsane kifin, a sa mai kaɗan cikin kasko, a soya, a kwashe cikin matsami ya ɗige. Man da ya yi duhu, ko ya ke kumfa, ko ya ke hayaƙi da an ɗora shi, ya gama aiki, a zubar. Masu suyar kifi a tasha da bakin kasuwa su ne su ka fi bukatar wannan gargaɗi.

Ko ta wace hanya aka bi, alamar nuna ɗaya ce: tsokar ta yi fari har jikin ƙashi, tana rabuwa da sauƙi. A ma'aunin zafi, digiri 63 ke nan. Kifin da bai nuna ba yana iya ɗauke da tsutsa da ƙwayoyin cuta. Abin da ya saura kada ya wuce awa 2 a buɗe, kuma a sake tafasa shi sosai kafin a ci.

6. Banda da maganar guba

Banda ita ce hanyar ajiyar kifi inda babu ƙanƙara. A yi ta da busasshen itace mai ƙarfi, a fara da wuta mai zafi don kifin ya nuna, sa'an nan a rage ta don ya bushe. Kada a hura da leda ko tsohuwar taya ko katakon da aka shafa wa fenti. Akwai murhun banda da a ke kira Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a ƙasar Gana a 1969, inda a ke jera tire-tiren waya bisa juna a kan murhun laka. Yana ɗaukar kifi da yawa da itace kaɗan, magina na gida kuma suna iya gina shi.

Abu biyu ne su ka fi kome hatsari. Na fari, zuba gamalin ko wani maganin ƙwari cikin ruwa don kifi ya taso. Wannan yana kashe manya da ƙanana, yana ɓata ruwan shan mutane da dabbobi, dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 kuwa ta hana kamu da guba da nakiya da lantarki. Na biyu, yayyafa fiya-fiya ko makamancinsa bisa busasshen kifi don korar ƙwaro. Wanki da tafasa ba su ba da tabbacin fid da wannan guba. Hanyar da ta dace ita ce a busar da kifin sarai, a ajiye shi a rufe nesa da ƙasa da laima, a riƙa mayar da shi bisa wuta lokaci lokaci.

7. Rabon yara

A gidaje da yawa tsoka ta manya ce, yara kuwa sai romo da kai, ko a hana su gaba ɗaya don tsoron ƙaya. Alhali yaro shi ya fi kowa bukatarta. Daga wata 6, sa'ad da a ke fara haɗa wa jariri abinci da nonon uwa, ana iya ba shi karfasa dafaffiya. A ɓare tsokar da yatsu masu tsabta, a laluba sau biyu a cire ƙaya, a murmushe cikin fate ko kunu mai kauri, ba gishiri, ba dunƙule, ba barkono. Akwai masu cewa haɗa kifi da nono yana kawo kuturta. Ba haka ba ne. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma akwai maganinta a asibiti.

8. Abin da a ke bukata ga hakimai da malamai

Ana roƙon kowane hakimi ya sa a karanta wannan takarda a zaman majalisarsa, gaban dagatai da sarkin ruwa da sarkin kasuwa. Sarkin ruwa ya ja kunnen masunta bisa guba da ragar da idonta ya cika ƙanƙanta, wadda ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Sarkin kasuwa, tare da duba-gari, ya riƙa duba rumfunan kifi da kaskon masu suya. Malamin hakimi ya rubuta ranar da aka ga matattun kifaye da yawa bisa ruwa, da wurin, da kuma duk gidan da mutane su ka kamu da amai da zawo bayan cin kifi, ya aika wa ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma ba da jinkiri ba.

Da ya ke girki a hannun mata ya ke, lalle ne maganar ta shiga cikin gida. A isar da ita ta bakin ungozoma da malaman makarantun mata da ma'aikatan asibitin awo. Idan kuma aka fara rage mai da gishiri a tukunyar gidan hakimi, talakawa za su fi saurin karɓa, gama abin da su ka ga ana yi a fada shi su kan bi.