Baƙin hayaƙi da shan mai: Na'urori biyu da ke wahalar da direbobin Batsari da Safana

Direban da ke jigila tsakanin Katsina da Batsari, ko daga Dutsin-Ma zuwa Safana, ba ya wasa da motar da ke mutuwa da zarar an ɗaga ƙafa daga totur. Garuruwan biyu suna maƙwabtaka da dajin Rugu, kuma shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga sun koya wa kowa cewa akwai wuraren da ba a tsayawa a buɗe bonet. Ga kuma tsadar mai: tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, motar da ke shan mai fiye da ƙima tana iya cinye ribar yini guda tun kafin azahar.

Idan tsohuwar mota ta fara baƙin hayaƙi, tana shaƙewa a hawa, filoginta na yin baƙi ƙirin, abubuwa biyu aka fi zargi a gareji: na'urar auna iska da na'urar iskar oksijin. Sau da yawa kuma ana canza su alhali lafiyarsu ƙalau.

Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi. Na'urar farko tana zaune ne bayan matatar iska. A cikinta akwai ɗan siririn waya mai zafi, iskar da ke wucewa tana sanyaya shi, da haka ƙwaƙwalwar motar, wadda kanikawa ke kira birenbos, take sanin yawan man da za ta saki. Ta biyun tana ɗaure a jikin salansa, tana sansanar hayaƙi don ta faɗi ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da ita a 1976.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar ta farko. Motar da ke shiga ƙauyuka ranar kasuwa, a kan hanyar burji, cikin hunturu, matatarta kan toshe da wuri. Wani sai ya kakkaɓe ta ya mayar, wani ma ya cire ta baki ɗaya wai don mota ta sha iska. Daga nan ƙura ta lulluɓe wayar, lissafi ya rikice.

Bincike na gaskiya daga abu mai araha yake farawa. A duba matatar. A bi robar da ta tashi daga na'urar zuwa inji da hannu, domin tsagewa ɗaya ta isa ta shigar da iskar da ba a auna ba. Sannan a kashe mota, a zare soket ɗin na'urar, a sake tayarwa. In injin ya daidaita, zargi ya ƙarfafa a kanta, ko da yake wannan alama ce kawai, ba hukunci ba. Wanke ta kuwa da feshin da aka yi dominta ake yi. Tsumma ko fetur lalata wayar suke yi.

Na'urar oksijin ta fi shan zargin banza, don ita 'yar aike ce. Idan salansa ta huje a gabanta, iskar waje na shiga, sai ta kai rahoton cewa mai ya yi kaɗan, birenbos ya ƙara mai, hayaƙi ya turnuƙe. Haka in an cire tamostat, al'adar da ta zama ruwan dare a garejojinmu da sunan maganin zafin inji: injin ba zai yi ɗumi da wuri ba, ƙwaƙwalwar kuma za ta ci gaba da ba shi mai kamar yanzu aka tayar da shi da asuba. Mai mitar wuta zai iya raba gardama. Idan inji ya yi zafi, lafiyayyar na'ura irin ta tsofaffin motoci tana kai-komo da sauri tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Wadda ta tsaya wuri ɗaya, ko take jan jiki, ita ce abin tuhuma, amma sai an tabbatar wayoyinta da fis ɗinta ba su ƙone ba. Injin da ke shan baƙin mai, ko ruwan lagireto ke zuba cikinsa, zai kashe sabuwar ma.

Kwamfutar duba mota tana taimakawa, sai dai ba duba take yi irin na boka ba. Lamba P0171 cewa take yi mai ya yi kaɗan a kan iska, P0172 kuma ya yi yawa. Babu wadda ta ce a sayi na'ura. Ita P0135 ce ke nuna ɓangaren da ke ɗumama na'urar oksijin. Wannan tsari ya zama dole ga motocin Amurka daga 1996, na Turai masu fetur kuma daga 2001, don haka ƙaramar kwamfuta mai araha kan kasa karanta motocin da suka girmi haka.

A nan Golf 3, wadda ta cika tashoshin yankin, take da nata labarin. Volkswagen ya fara ƙera ta a 1991, kuma da yawa daga cikin masu injin 1.8 mai nozul ɗaya ba su da na'urar auna iska sam. Da buɗewar totur suke lissafi. Direban irin wannan mota da aka ce ya kawo kuɗin na'urar iska, ya nemi a nuna masa inda take zaune a injinsa tukuna.