3.2 Dangantakar Ƙwayoyin Ƙasa da Ƙarfin Bango da Tafiyar Zafi a Ginin Tubali

A wannan sashe za a yi bayani a kan yadda ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani suke haifar da ƙarfin bango da sanyin ɗaki a ginin ƙasa, irin wanda ake samu a ƙauyukan Bichi da Ɗambatta da Minjibir.

Masana kimiyya suna kallon bango ta fuska biyu. Ta farko ita ce a ɗauke shi a matsayin dunƙulallen abu guda. A kan wannan fuska ne Bafaranshen nan Joseph Fourier ya bayyana a shekarar 1822 cewa zafi yana tafiya ne daga ɓangare mai zafi zuwa mai sanyi, kuma saurinsa ya danganta ga bambancin da ke tsakaninsu. A wannan zamani ne kuma Augustin Cauchy ya tsara lissafin danniya, wato rabon nauyin da kowane sashe na abu yake ɗauka. Fuska ta biyu kuwa ita ce a ɗauki bangon a matsayin tarin ƙwayoyi masu motsi. Giram 18 na ruwa kaɗai yana ɗauke da ƙwayoyi kimanin lamba 6 da sifiri 23 a bayanta. A shekarar 1950, Irving da Kirkwood na ƙasar Amurka suka nuna ta hanyar lissafi cewa danniya da tafiyar zafi jimlar motsin ƙwayoyin ne da janyen da suke yi wa juna.

Idan aka dubi aikin magina za a ga haka a zahiri. Ƙwayoyin yumɓu falle-falle ne. Idan an kwaɓa ƙasa, ruwa yana shiga tsakaninsu, su riƙa zamewa a kan juna, shi ya sa kwaɓi yake mulmuluwa. Yayin da tubali yake bushewa, ruwan yana fita, ƙwayoyin su matso su kama juna. Idan waje ya riga ciki bushewa, sai ya tsage. Wannan ne dalilin sanya ramno. Haka kuma, idan aka yi sakaci da yaɓe ko gyaran indararo, ruwan Agusta yakan koma tsakanin ƙwayoyin, riƙon ya saki, bango ya kasa ɗaukar nauyin azara, ɗaki ya faɗa kan masu shi.

Dangane da zafi kuwa, rana tana ƙara wa ƙwayoyin bayan bango rawa, kowace tana miƙa wa maƙwabciyarta. Saboda kaurin bango da iskar da ke cikin ƙofofinsa, wannan miƙo yakan ɗauki awoyi, sai dare ya yi ɗumin yake isa ciki. Kwano kuwa ƙarfe ne marar kauri, nan take zafi yake ratsa shi.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa kare bango daga ruwa shi ne kare riƙon da ke tsakanin ƙwayoyinsa.