Akawun da Ya Lashe Dala Miliyan 2.5 a Teburin Karta

A watan Mayun 2003, mutum 839 suka hallara a gidan caca na Binion's Horseshoe da ke Las Vegas a Amurka, kowace kujera dala 10,000. Gasar duniya ce ta poker, kartar da ake zuba kuɗi, wadda gwaninta shi ne mai iya ɓoye abin da ke zuciyarsa. Cikinsu har da Chris Moneymaker, akawu ɗan shekara 27 daga jihar Tennessee, wanda bai taɓa buga babbar gasa ido da ido ba. Kujerar ma a shafin PokerStars ya ciwo ta, da kuɗin da bai kai dala 100 ba.

Aka yi ta faɗuwa har ya rage daga shi sai Sam Farha, gogaggen ɗan caca haifaffen Lebanon, mai maƙale sigari a baki ba tare da ya kunna ba. A wani zagaye, katin Moneymaker ba na a-zo-a-gani ba ne, amma ya tura duk abin da ke gabansa tsakiyar tebur, ya yi tsit a bayan baƙin tabarau. Farha, mai riƙe da katin da ya fi, ya daɗe yana nazari, sannan ya janye. Ba a jima ba akawu ya kwashe dala miliyan 2.5.

Tashar ESPN ta nuna wasan, dubban mutane suka ce su ma za su iya. A 2004 'yan gasar sun kai 2,576, a 2006 kuwa 8,773.

Irin wannan labarin ne ke jan matashi, ko a Tennessee ko a Sanyinna, inda yanzu caca ke shigowa ta cikin waya, duk da addini da dokar Shari'a ta jihar Sakkwato sun haramta ta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, cikin 839 ɗin nan, 63 kaɗai suka tashi da wani abu. Kuɗin sauran ne aka raba musu, zakaran ya ɗauki kaso mafi tsoka.

Moneymaker kansa bai riƙe kuɗin duka ba, domin tun kafin gasar ya sayar wa mahaifinsa da wani abokinsa kaso. Ya ajiye aikin akawu, ya zama jakadan PokerStars mai yawon ƙasashe, aurensa na fari ya mutu ba da daɗewa ba. Bai sake cin wannan gasar ba. A 2019 aka sanya sunansa a jerin fitattun 'yan poker na tarihi.