Man Juye Da Filta: Abin Da Mai Mota A Sabha Ya Kamata Ya Duba Kafin Ya Biya

A Libiya litar fetur dirhami 150 ce a farashin gwamnati, ko da yake mu mutanen kudu mun san sau nawa muke samunsa a haka. Man inji kuwa, wanda 'yan Nijeriya ke kira man juye ko baƙin mai, 'yan Nijar su ce na bidanji, babu wannan rangwamen a kansa. Da yawa daga cikinsa daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala. Shi ya sa idan lokacin juye ya yi, mutum yakan shiga shago ya ce, "Ba ni mai sauƙin kuɗi," a zuba, ya kama gabansa.

To amma ga da yawa daga cikin 'yan uwanmu a Jadid, Gurda da Mahdiyya, mota ita ce gona, ita ce shago. Wani yana dakon kaya zuwa Ubari, kusan kilomita 200. Wani Tarabulus yake nufa, sama da kilomita 700. Wani kuma ya bi ta Gatrun har Tummo, inda idan inji ya buga maganar ta wuce ta kuɗi, ta koma ta rai. Don haka na ga ya dace mu zauna mu karanta abin da ke rubuce a jikin galan ɗin nan.

Lambobin da ke jikin galan

Za ka ga 5W-30, ko 10W-40, ko 15W-40, ko 20W-50. Wannan ma'aunin kaurin mai ne na ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudu idan inji ya yi sanyi: ƙaramar lamba, saurin gudu. Ta biyun tana nuna kaurinsa idan ya yi zafi, a digiri 100 ake auna shi.

Mu a nan duka biyun sun shafe mu. A Yuni da Yuli zafi yana wuce digiri 40, amma a Janairu da asuba sanyi yakan sauko digiri 5 ko ƙasa da haka. Idan mai ya yi kauri da yawa a irin wannan safiyar, sai inji ya ɗauki daƙiƙu yana juyawa kafin man ya kai sama, ƙarfe yana cin ƙarfe.

Akwai maganar da ta zauna a bakin mutane, wai ƙasar zafi sai 20W-50. Ga tsohuwar Peugeot ko tsohuwar Land Cruiser da ta sha tafiya, ba laifi. Amma injinan yanzu, irin na Hyundai, Kia da Toyota masu VVT-i, hanyoyin mai a cikinsu sirara ne, kuma da ƙarfin man ake sarrafa buɗewar bawul. Ka zuba masu mai kauri fiye da kima, ka wahalar da su. Alƙalin wannan gardama shi ne littafin mota. Yawanci akwai jadawalin da ke nuna man da ya dace da kowane yanayin zafi. In motar ta zo daga Koriya da littafin da ba ka iya karantawa, duba murfin wurin zuba mai, sau da yawa an rubuta a kai. In babu, sa yaro ya nemo maka a intanet da sunan motar da shekararta.

Sai haruffan API, na cibiyar man fetur ta Amurka. S na injin fetur ne, C na injin dizal, wato nafta a bakin mutanen nan. Harafin da ke biye yana nuna zamanin man: SL na 2001 ne, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. A ɓangaren dizal akwai CH-4, CI-4, CJ-4 da CK-4. A injin fetur sabon harafi yana maye gurbin tsoho, amma tsoho ba ya maye gurbin sabo. Mai Hilux ta dizal kuma ya tabbatar akwai C a jikin galan, domin man dizal an haɗa shi ne ya riƙe baƙin hayaƙin da injin ke haifarwa.

Filta ba ado ba ce

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin tambaya shi ne me za ta tare. A cikin gwangwanin filtar mai akwai takarda mai lanƙwasa da ke tace datti. Akwai roba mai hana mai komawa ƙasa idan an kashe mota. Akwai kuma bawul da ke buɗewa idan takardar ta toshe, don kada inji ya rasa mai gaba ɗaya. Ka lura da wannan na ƙarshen: idan filta ta cika, mota ba za ta tsaya ba, man zai ci gaba da zagayawa ne ba tare da an tace shi ba, kai kuma ba ka sani ba. Shi ya sa sabon mai da tsohuwar filta asarar kuɗi ce. Duk juye, a canza filta.

Wani maƙwabcina mai ɗaukar kaya ya sayi filta mai araha a wani shago, kwalin da tambarin kamfani tsaf. Kafin wata biyu fitilar mai ta fara kawowa da safe. Da muka je gareji, Usta ya yanka filtar a gabanmu. Takardar ciki ba ta kai rabin ta asali ba, robar kuma ta bushe kamar ƙanzo. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka ga abin da nake gaya masu kullum. Dinari goma yake gudu, yanzu ga shi zai buɗe inji." Kuɗin aikin ya cinye abin da mutumin ya tara na watanni.

Sannan a Fezzan filtar iska ba ta gaza ta mai muhimmanci ba. Idan Gibli ta taso, ƙurar da ke shiga ko'ina yashi ce mai laushi, idan ta ratsa cikin inji sai ta gauraya da mai ta riƙa goge fistan da ringi. Yawan busa filta da iskar kwamfaresa yana huda takardar, hudar da ido ba ya gani. A kaɗe ta a hankali, in ta gaji a sayi sabuwa. Wanda kuma ke sayen fetur ko nafta a jarka a bakin hanya, ya riƙa tunawa da filtar man tanki, domin ƙura da ruwa suna biyo jarka.

Yadda za ka rage haɗuwa da jabu

Duba hatimin murfi, kada ka karɓi galan da aka taɓa buɗewa. Duba lambar kwanan wata da ingancin bugun rubutun. Ka sa a buɗe a gabanka, a zuba kana tsaye. In farashi ya yi ƙasa sosai da na sauran shaguna, ka tambayi kanka dalili, ai araha ba ta ado. Man durom da ake aunawa da lita, wanda babu wanda zai gaya maka lambarsa, ni dai ba na ba kowa shawarar sa. Kuma in an gama, ka huda galan ɗin ko ka tafi da abinka, domin da irin waɗannan ake sake cika na jabu.

Yaushe za a yi juye?

Littattafan motoci suna da jadawali biyu: na tuƙin yau da kullum, da na yanayi mai tsanani, wato ƙura, zafi, kaya masu nauyi da daɗewa a tsaye inji na aiki. Wallahi duk mu ne wannan, har da layin gidan mai. A motoci da yawa jadawali na biyun yana kamawa wajen kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Mai Tundra ko wata motar da aka shigo da ita daga Amurka ya kula, agogonta mil yake ƙirgawa, kuma kilomita 5,000 mil 3,100 ne da 'yan kai.

Kada launi ya ruɗe ka. Man dizal yana baƙi cikin 'yan kwanaki, aikinsa ke nan. Wanda ya kamata ya tayar maka da hankali shi ne mai launin shayi da madara, alamar ruwa ya shiga. Idan ana ɗaura filta, a tabbatar tsohuwar robar ba ta maƙale ba, a shafa wa sabuwar ɗan mai, a ɗaure da hannu, a tayar da inji a duba ko yana ɗiga.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai shirin doguwar hanya ya yi juye kwana biyu ko uku kafin ya tashi, don in akwai yoyo ya bayyana a cikin gari. Ya ɗauki lita ɗaya ko biyu na irin man da ke cikin injinsa da filta guda a ajiye, ya kuma rubuta kilomita da kwanan wata a ɗan littafi. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a abin hawanmu.