Harafin da ke Jikin Tikiti

Kawuna ya dawo daga Umarar azumi da abu biyu, ruwan Zamzam da tambaya. Ruwan bai yi mako ba ya ƙare. Tambayar kuwa har yau, in aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa a Gatawa bayan Isha'i, sai ta taso.

A jirgin da ya ɗebe su daga Kano zuwa Jidda ya zauna kusa da wani ɗan kasuwar Kantin Kwari. Hira ta yi daɗi har ta kai ga kuɗin tikiti, sai ga shi abin da Kawu ya biya bai kai na mutumin ba ko kusa. Ya yi shiru yana hamdala a zuci. Ran dawowa suka sake haɗuwa a layin awon kaya. Ɗan kasuwar ya nuna wa ma'aikaciya wani abu a wayarsa, ta danna kwamfuta, ta miƙa masa sabuwar takardar shiga jirgi, an mayar da shi kujerun gaba. Kawu yana fama da gwiwa, ga kuma ragowar dala a lalitarsa, sai ya ce shi ma a yi masa haka, zai biya. Ta duba, ta ce irin tikitinsa ba ya hawa.

"Ɗana, mi ya sa?" in ji shi da ya ba ni labari. "Jirgi ɗaya, kujera ɗaya, abinci ɗaya. Ni kuɗina ba kuɗi ba ne?"

Na ce, "Kawu, kawo takardar mu gani." Aka lalubo ta a aljihun jakar tafiya, duk ta tattare. Kusa da lambar jirgi akwai harafi guda ɗaya tak. Amsar tana nan.

Kamfanin jirgi yakan kasa kujerun sashen gama-gari kashi-kashi, fiye da goma a yawancin manyan kamfanoni, kowane kashi da harafinsa da farashinsa. A al'adar da aka fi bi, Y shi ne cikakken kuɗin sashen gama-gari, J ko C na sashen 'yan kasuwa, F na sashen alfarma. Sauran haruffan kowane kamfani da yadda yake jera su, suna saukowa daga mai tsada zuwa mai araha. Kujerar duk iri ɗaya ce. Abin da ke bambanta shi ne sharaɗi: ko za ka iya canza rana, ko za a mayar maka da kuɗinka in ka fasa, kilo nawa na kaya aka yarje maka, maki nawa za ka tara, da kuma ko za a bar ka ka matsa gaba. Mai araha shi ke fara ƙarewa, kamar gero da kaka. Wanda ya zo saye da damina ya san abin da zai tarar, kuma goman ƙarshe na Ramadan ita ce tsakiyar daminar masu jirgi.

Mu da muka saba da motar haya mun san gidan gaba kuɗinsa daban ne, amma in ka ƙara wa direba wani abu a tasha sai ya ba ka. A jirgi hanyoyin hawa gaba huɗu ne. Ko ka biya cikon kuɗi, ko kamfani ya aiko maka da tayi ta waya kwana kaɗan kafin tafiya, ko ka kashe makin da ka tara a tafiye-tafiyen baya, ko kuma a wayi gari an sayar da kujerun baya fiye da kima, dole a matsar da wasu gaba kyauta. Makin nan kowane kamfani da sunan da ya sa wa nasa: Ethiopian na da ShebaMiles, Saudia na da Alfursan, Qatar Airways na da Privilege Club. Sai dai haruffan ƙasa sau da yawa maki kaɗan suke kawowa, wasu ma ba sa kawo komai, kuma su ne ake fara cirewa daga jerin waɗanda ake iya ɗagawa. Tikitin rukuni, irin wanda wakilan tafiye-tafiye ke saya da yawa su haɗa da biza da masauki su sayar dunƙule, galibi yana cikinsu. Irinsa Kawu ya riƙe. Hanyar kyautar kuma, wadda mutane ke ta ba da labari, manyan abokan cinikin kamfani ake fara dubawa. Babbar riga da hula mai kyau ba sa sa kwamfuta ta zaɓe ka, ko da yake na san masu rantsuwa a kan akasin haka.

Wannan tsari yana nan tun da daɗewa. Abin da ya sa ya zame wa 'yan Najeriya ciwo shi ne dala. Farashin tikitin ƙasa da ƙasa da dala ake lissafa shi, sannan a juya shi zuwa naira bisa canjin ranar. Kamfanonin waje sun yi ta sayar da tikiti da naira, suka kasa samun dala daga Babban Bankin Najeriya su kai gida. Zuwa watan Yunin 2023, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce kuɗinsu da suka maƙale a Najeriya sun haura dala miliyan 800, fiye da na kowace ƙasa. Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen Oktoban 2022, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoban 2024. Waɗanda suka tsaya kuma dabara suka yi: suka toshe haruffan araha ga mai saye daga Najeriya, suka bar na sama kawai. Ba a ce an ƙara kuɗi ba, amma mai araha ya ɓace daga kasuwa. Abin dariya a ciki, matafiyin lokacin ya riƙa samun tikiti mai canzuwa, mai hawa gaba, mai maki da yawa, duk ba da sonsa ba.

A tsakiyar Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da hukuma ke bayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Tikitin da farashinsa na dala bai motsa ba ya ninka uku a naira. Sauƙi ya fara zuwa ne bayan an biya mafi yawan bashin kamfanonin, sannan Air Peace ya fara tashi daga Legas zuwa Landan ranar 30 ga Maris 2024, da tikitin zuwa da dawowa na wajen naira miliyan 1.2 a sashen gama-gari. Nan da nan kamfanonin waje suka sauko da nasu, haruffan da suka ɓace suka bayyana. 'Yan'uwanmu na Maradi, masu biya da sefa wadda ke ɗaure da kuɗin Turai, ba su ga irin wannan hawa da sauka ba, ko da yake su ma sun sha tasu wahalar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyaka da sararin samaniyar Nijar, jiragen Turai masu zuwa Najeriya suka koma kewaye.

A ƙasar Gobir ta wajenmu, Sabon Birni da Isa da ƙauyukansu, in an ce jirgi to Makka ake nufi, don haka a kujerar aikin Hajji aka fi jin zafin abin. A 2023 kujera ba ta kai naira miliyan uku ba. Ana cikin shiri yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu, aka rufe sararin samaniyarta, ita ce kuwa miƙaƙƙiyar hanyarmu zuwa Saudiyya. Kamfanoni suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane alhaji saboda kewaye, har sai da aka taɓa guzurin alhazai. A 2024 maniyyata sun gama biyan wajen miliyan 4.9, sai a cikin azumi hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta sanar da cikon miliyan 1.9 saboda faɗuwar naira, a biya cikin 'yan kwanaki. Wanda ya sayar da bijimai biyu ya ɗauka ya gama, sai ga shi yana duba turke. A 2025 kujera ta wuce miliyan takwas. Alhajin jirgin yawo, mai bin kamfani mai zaman kansa, yana iya sayen kujerar gaba tun farko in aljihunsa ya ɗauka. Alhajin jiha kuwa jirgin shata yake hawa, an yi cinikinsa dunƙule tsakanin hukuma da kamfani, ba shi da harafin da zai ɗaga.

A ganina, hawa gaba shi ne ƙaramar damuwar mutumin Gatawa. Babbar ita ce canjin rana. Mai zaune a Kano minti talatin ya kai shi filin jirgin Malam Aminu Kano. Namu sai ya fito Sabon Birni, ya bi ta Goronyo zuwa Sakkwato, sannan ya kama doguwar hanyar Kano, kuma kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki a shekarun nan. Akwai ranar da direbobi ke jin labari su ƙi lodi, ba wanda zai ga laifinsu. Mutumin da bai da tabbacin ranar fitarsa daga gida, tikiti mafi araha na iya zame masa mafi tsada. In zai canza rana, abu biyu zai biya: tarar canji, da bambancin da ke tsakanin tsohon farashi da na ranar da yake so. In harafinsa ya ƙare a sabon jirgin, sai ya hau na sama da shi, a canjin dala na yau. In kuwa jirgi ya tashi ya bar shi bai sanar ba, akwai tarar rashin zuwa, kuma yawancin kamfanoni suna soke sauran tafiyar har da ta dawowa.

Akwai kuma abin da ke jawo rigima tsakanin matafiyi da wakili. Riƙe kujera daban, yanke tikiti daban. Wakili zai iya turo maka takarda mai sunanka da ranar tafiya alhali bai biya kamfani ba tukuna, farashi na iya tashi kafin gari ya waye. Tikitin da aka yanka yana da lamba mai alƙaluma 13. Da zarar ta fito, ƙarin da aka yi daga baya bai shafe ka ba muddin ba ka taɓa ranar ba. Shi ya sa kafin a tura kuɗi ya kamata a tambayi wakili baki da baki: wane harafi ne, nawa ne canjin rana, ana mayar da kuɗi, kilo nawa ne kaya, yana hawa gaba ko ba ya hawa. A nemi ya rubuto amsar a waya. Wanda kuma aka ɗaga shi gaba da maki ko da tayi, kada ya ɗauka komai ya canza, domin sau da yawa sharuɗɗan tsohon harafinsa na nan suna binsa.

Duk wannan na yi wa Kawu bayani a daren nan, yana juya takardar a hasken tocila. Ya daɗe yana kallon harafin. Sannan ya ninke ta, ya ce in Allah ya kai mu baɗi, ni zan raka shi wurin wakilin, kuma kwana biyu kafin tashin jirgi zai tare a Kano.